Uwa a Djougou, 'Ya'ya a Parakou

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana na fari, Abba, a makwancinsa na gaskiya.

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, da fatan kabari ya yalwata gare ka, ina sanar da kai muna nan lafiya, irin lafiyar da ta rage wa ɗakin da aka zare wa ginshiƙi. Ka san ban yi lakwal ba, bokon nan naku, allon ma ban yi nisa ba aka ɗora min huhun goro a ka. Ni ke faɗa, ƙanwarka Hadiza ke rubutawa. Na gargaɗe ta kada ta gyara min magana, kada ta shafa mata turare. Ta ce za ta ɗora a inda mutane ke karatu a waya. Na ce ta ɗora, dama ina so mutanen Djougou su gani.

Fushi nake yi da kai. Gara in faɗa tun daga bakin ƙofa. An ce ba a fushi da mamaci, amma wanda ya faɗi haka bai binne ɗansa ba.

Ka tuna ranar da ka shigo da akwatin nan. Baƙi ne, bai kai kwanon tuwo ba, da 'yar fitila koriya mai ƙyaftawa kamar idon ƙadangare. Ka ce a ɗakina zai zauna, don nawa ne rufin da ba ya yoyo, kuma yara na tsoron shiga. Na ce ka fitar min da shi, ba na zama da abin da ba ya runtsawa. Ka yi dariya, ka ɗora shi bisa kabad, ka yi tafiyarka. Duk gidan nan ba wanda ya gaji taurin kaina irinka.

Ordinatar, wato kwamfuta, uku ce a gidan a lokacin: taka mai naɗewa, ta Hadiza da take aikin shagonta na atamfa, da tsohuwar ta zaure wadda yara ke karatu da ita. Ka haɗa su duka da akwatin ta wifin gida, babu igiya ko ɗaya. Ka ce sunan aikin sovgad, wato ajiyar ko-ta-kwana. Ranar farko akwatin ya kwashe duk abin da ke cikin ukun, kaf, tun hantsi yana gurnani har aka yi la'asar, kai kuma ka tsare kuran, wutar lantarkin gidan, kamar mai gadin rumbu, ka hana a jona ko dutsen guga. Wannan kwasar ta farko ta shiga babban faifai, ta kusa cika shi. Sai ka ƙara ƙarami a gefensa. Ka ce daga ranar, duk Juma'a in an sauko daga masallaci, akwatin zai leƙa kowace ordinatar da kansa, ya ɗauki abin da ya ƙaru ko ya canja kawai, ya zuba a ƙaramin. Abin da ya riga ya ɗauka ba ya maimaita shi.

Na ce ban gane ba. Ka ce, "Baba, babban shi ne uwa, na Juma'a-Juma'a su ne 'ya'ya. 'Ya'yan ba sa tsayuwa sai da uwarsu." Nan take na gane, don aikina ke nan tun kafin a haife ka. In an yi suna a dangi ba na sake ƙera zuri'a daga farko. Sabon suna nake ɗaurawa a ƙarshen igiya, igiyar kuwa tana rataye a wuyan kaka na farko. Na ce ashe Nasara ya ƙera tsoho na ƙarfe. Ka ce, "Shi dai wannan ba ya gardama."

Na san abin da ya sa ka sha wannan wahala. Ba don hotunan biki ba ne, ba don atamfar Hadiza ba. Muryar Innarku ce.

Kafin akwatin ya zo, damina guda ka yi kana zaunar da mu biyu a tsakar gida bayan la'asar, ka kifa turmi ka ɗora ordinatar a kai, ka ce mu faɗi asalinmu. Ni da ita jini ɗaya ne. Tanko Mai Jakai shi ne kakan mahaifina, shi ne kakan mahaifinta, shi ya taso da fatake daga arewa za shi ƙasar goro, ya tsaya a Djougou bai ƙara gaba ba. Ni na karɓi labarinsa daga bakin maza a zaure. Ita ta karɓa daga bakin mata a madafi. Labaran biyu ba su taɓa gaisawa ba.

Ni na ce sarkin zango ne ya ga amanarsa ya roƙe shi ya zauna, ya ba shi 'yar wani malami Bakatsine. Ita ta ce ƙarya ce ta maza. Kurkunu ne ya kama shi a ƙafa, ayari ya bar shi a gindin bishiya wajen Kolokondé, wata mata mai noman doya, 'yar ƙasa, wadda ba ta jin Hausa ko ta sannu, ta ja shi zuwa bukkarta. Kullum tana naɗe tsutsar a jikin tsinke kaɗan-kaɗan har ta fita duka. Ya aure ta, kuma daga cikinta muka fito gaba ɗayanmu, na Djougou da na Parakou. Innarku ta san sunan matar nan, sunan yarensu, har da waƙar da take yi in tana dakan sakwara. Duk sanda ta zo kan sunan sai in ɗaga murya in bi ta kansa. Sai ta ce, "Malam, bar ni in kai aya, jakan kakanka ba za su gudu ba." Kai kuwa kana dariya har turmin na motsi.

Har gobe ban ce ta yi gaskiya ba. Na sa Hadiza ta rubuta wannan da kyau.

Da kaka ta shigo Allah ya ɗauke ta. Bayan arba'in ɗinta ka sayo akwatin. Ban tambaye ka dalili ba, kai ma ba ka faɗa ba. Duk zamanmu na daminar nan ya shiga cikin uwa tun kwasar farko. Daga nan kowace Juma'a kafin masallaci sai in kira ka in ce na tuna wani abu, a ƙara. Yawanci gyara ne nake yi wa maganarta. Ka ce, "Baba, gardama da wadda ba ta iya ramawa?" Na ce ai ta riga ta faɗi nata, yana nan cikin uwa, ba wanda ya isa ya taɓa shi.

Na taɓa tambayarka, in gobara ta tashi a ɗakin nan fa, ko tsawa ta faɗo? Ka ce za ka yi wata uwar ta biyu ka kai Djougou, gidan surukanka, don ba a tara ajiya a ƙarƙashin rufi ɗaya. Na ce yaushe? Ka ce bayan sallah. Ƙaramar sallah ta zo ta wuce. Babba ta zo ta wuce. "Bayan sallah, Baba." Sai zazzaɓin nan ya zo, wanda muka ɗauka na sauro ne na yau da kullum, ya ɗauke ka kafin wata sallar.

Ga inda fushina yake, Abba. Ka koya wa akwati ranar Juma'a, ba ka koya wa ɗan Adam ko ɗaya ba. Matarka Zainabu ba ta san abin da ke ciki ba. Hadiza ta san dai kayanta na ajiye, ba ta san yadda suke ba. Ni kaɗai ka yi wa zancen uwa da 'ya'ya, ni da in na yi magana ake cewa tsufa ne. Ko alli ba ka sa ka yi wa faifan alama ba. Mu da muka yi fataucin goro, huhun da ba na sayarwa ba ɗaurinsa dabam ne, ko makaho ya shafa ya sani. Kai da ka yi lakwal har ka ƙoshi, ka bar amanar zuri'a tsirara a kan kabad kamar rediyo.

Da Zainabu ta fita takaba aka zauna rabon gado. Malamai biyu suka zo, da Mansur yayanta daga Djougou. Aka shimfiɗa tabarma a zaure aka baje kayanka: babur, firji, kayan gyaranka na shago, ordinatar taka, da akwatin, an riga an zare masa faifansa biyu an jera su kamar takalma. Ba ni da ja da shari'a. Allah ne ya yanka wa kowa rabonsa, tumuni ga mata, sudusi ga uba, saura ga marayu. Amma Allah bai ce a raba uwa da 'ya'yanta ba.

Ordinatar taka aka ce ba ta rabuwa, a sayar. Babban faifai ya faɗa cikin tumunin Zainabu, ƙaramin da akwatin suka faɗo cikin nawa. Na ce a bar su tare, ɗana ya ce ɗayan ba ya tsayuwa sai da ɗaya. Mansur ya ce, "Baba, ai ƙarfe ne, ba shayarwa yake ba." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi a gidan mutuwa. Babban malamin ya ce, "Alhaji, haƙuri. Haƙƙin mai takaba ba a riƙe shi." Na ce to a ɗauki firjin da ya zo wajena a ba ni faifan. Aka ce an riga an shafa fatiha, in musanya ce mu yi a tsakaninmu daga baya. Na ji wani yana raɗa cewa baƙin ciki ne ke magana.

Daga baya ƙafafuna suka kwantar da ni, kuma zuciyata ta kwanta a kan cewa abin da aka rubuta a ƙarfe yana nan, ko a Djougou yake ko a Makka. Haka ka nuna min.

Da azumi ya gabato na ji ina son jin muryarta. Ba wani abu ba, ko da wannan "Malam, bar ni" ɗin. Na aika aka kira Bio, abokin aikinka na Tourou, wanda ya ɗauki makararka yana kuka kamar yaro. Ya jona ƙaramin faifai, ya daɗe yana dubawa. Can ya ce, "Baba, nan ƙari ne kawai. Ina tushen?"

Washegari na hau mota zuwa Djougou da sandata. Na sami Zainabu da 'ya'yanka biyu lafiya, namijin ya fara kama da kai ta wajen kunne. Ta ce faifan yana wajen yayanta, ya ce zai juya mata shi ya riƙa kawo wa yara ɗan abin cefane. Na same shi a rumfarsa kusa da tasha, inda yake tura wa mutane fina-finai da waƙoƙi a waya. Ga faifanka can yana reto a jikin igiya, samari sun kewaye shi. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo min ruwa, ya gaishe ni da ladabi, ban ƙwace masa wannan ba. Na ce abin da ke ciki fa? Ya ce, "Wallahi Baba na duba kafin in goge. Ba komai a ciki sai surutan tsofaffi."

Surutan tsofaffi. Innarku fa, matar da ta goya shi ranar sunan ƙanwarsa, ta ba shi ƙosai a hannu.

Ban zage shi ba. Na karɓi faifan na kawo wa Bio. Ya yi iya yinsa, ya ce da gogewa kawai aka yi da an tono, amma an zuba fina-finai a kai har baki, an sake zubawa, kamar kabarin da aka yi gini bisansa. Muka bi sawun ordinatar taka, ashe wani ɗalibi ya saya ya tafi da ita Cotonou, shi ma ranar da ya saya ya wanke ta tas. Na bi dangi ɗaya-ɗaya, masu manyan wayoyi, masu ɗaukar kowace rawa ta kowane biki. Kowa amsa ɗaya: "Ai yana wajen Abba." Sun mayar da kai rumbu, suka daina riƙe ko ƙwaya a hannunsu.

Zainabu ta zo har gida ta durƙusa tana kuka. Na ce ta tashi, ba ta da laifi. Wanda ba a gaya wa ba, ba a tuhumarsa.

Ka san abin da ya rage min? Ni. Bio ya kunna min 'ya'yan nan ɗaya bayan ɗaya, ba kowa a ciki sai ni. "A'a, ba haka aka yi ba." "Wannan da ta faɗa, ba a Kolokondé ba ne." "Ku bar zancen mata." Juma'a bayan Juma'a, tsoho yana musu da iska. Wanda ya saurara ba zai san da wa nake ba, ba zai san me ta ce ba. Gyara ya tsira, abin da ake gyarawa ya tafi. Ban taɓa jin muryar da ta gundure ni irin tawa ba.

Sai dai a farkon kowanne akwai kai. "To Baba, bismillah, yana ɗauka." Kalmomi kaɗan, da ƙarar kujera in ka ja ta. A wani ciki na jero zuri'a tun daga Tanko har na iso kan 'ya'yana, na ce na fari, na wuce zuwa Hadiza. Sai ga muryarka daga gefe: "Baba, ka tsallake ni." Na ce wa ya taɓa jin uba ya kama sunan ɗan fari, balle mai sunan mahaifinsa. Ka ce, "To akwatin ba zai san ni ba ke nan." Wannan na sa Bio ya maimaita min har ya ji kunya ya fita waje.

Na zauna in tuno labarinta da kaina. Kurkunu yana nan a kaina, da tsinke, da bukka, da gindin bishiya, don na sha jin su ina ƙi. Muryar waƙar sakwara ma tana nan, ba kalmomin. Amma sunan matar babu. Ni da ake ɗauko ni a mota zuwa Djougou ranar suna don in faɗi wane ya haifi wane, ni da na san sunayen jakan Tanko, ban riƙe sunanta ba. Duk sanda aka faɗe shi, muryata ce a kunnena.

Na je Kolokondé, na je Sérou, ina tambayar tsofaffin mata ta bakin tafinta. Waɗanda za su sani sun riga mu. Wata mai ɗaurin taba a leɓe ta ce ta taɓa jin zancen Bahaushe mai ciwon ƙafa, amma ko a garinsu ne ko a garin mijinta, ta manta. Ta tambaye ni me ya sa sai yanzu. Na ba ta goro na tashi.

Yanzu bari ka ji abin da na yi, tunda kai ba ka yi ba.

Na sa Bio da Hadiza sun tada akwatin. Ordinatar biyu da suka rage suna zuba masa duk Juma'a kamar da. Amma da sharuɗɗana. Uwa biyu aka yi a yini ɗaya, ba bayan sallah ba, ɗaya tana bisa kabad, ɗaya Hadiza ta kai wa Zainabu da hannunta. Kowace na ɗaure ta da jan zare, ɗaurin huhun da ba na sayarwa ba. Hadiza ta koyi aikin, ta koya wa Zainabu, na zauna ina kallonsu har sai da kowace ta yi ba tare da Bio ya sa baki ba. In wata ya kama, sai an ciro abu ɗaya daga cikin akwatin an kunna min na ji da kunnena, don goron da ba a kwance shi a duba, ranar kasuwa ake tarar da tsutsa. In shekara ta zagayo a sake sabuwar uwa, kada 'ya'ya su yi mata yawa.

Sannan na tsaya bayan Juma'a gaban liman da shaidu na ce akwatin nan da faifansa waƙafi ne na zuri'ar Tanko, ba gado ba ne, ba a sa shi a tabarma. Liman ya ce shi dai ya san waƙafin rijiya da na littattafai. Na ce ya sa shi a layin rijiya. Malamin da ya raba kayanka yana wajen, bai ɗago kai ba.

Juma'ar da ta wuce Hadiza ta kifa turmin nan ta ɗora ordinatarta. Na faɗi nawa, na zaure, yadda na karɓa, ban rage ko jaki ɗaya ba. Da na gama na ce ga kuma na madafi, in ji Innar Abba, kuma ba wanda zai katse ta. Na faɗe shi yadda take faɗa, har da inda take cewa ƙarya ce ta maza. Na rera waƙar da hanci. Da na iso inda sunan yake, na yi shiru gwargwadon tsawon suna. Hadiza ta ce za ta iya yanke wajen. Na ce in ta yanke ba ni ba ita. A bar gurbin a buɗe, jikoki su ji cewa akwai mutum a nan. In wani cikin masu karanta wannan, a Djougou ko a ƙauyukanta, ya taɓa jin kakarsa ta ambaci matar da ta yi jinyar Bahaushe mai kurkunu, ƙofata ba ta da wuyar samu. Akwatin ƙari yake ɗauka, akwai wuri.

Daga nan na sauko da igiyar har ƙasa, kuma wannan karon ban tsallake kowa ba. Hadiza ta sunkuyar da kai da ta ji. Da aka sauko daga masallaci na zauna gaban kabad ina kallon fitilar nan tana ƙyaftawa, har ta tsaya. Yanzu akwatin ya san ka.

Fushin bai tafi ba, yaro. Yana nan, muna zaune tare, shi a tabarma ni a kujera. Amma in Allah ya haɗa ka da Innarku, ka ce mata na bar ta ta kai aya. Sunan kuwa kada ta wahalar da kanta, ta riƙe min shi. Na kusa zuwa in ji da kaina, kuma zan yi shiru.

Allah ya jiƙanka, ya jiƙan wadda ta haife ka, ya jiƙan matar Kolokondé da sunan da shi ya san ta da shi. Allah ya haskaka kabarinku, ya raya abin da ka bari, ya sa ranar da aka shimfiɗa tawa tabarmar a samu mai cewa a bar su tare. Amin.

Ka huta lafiya, Sulaimanu.

Ni ne mahaifinka,
Garba ɗan jikan Tanko, daga Parakou.